Rufin Ajin da Ya Ɓace a Hoto

Yaya Sha'aibu,

Na tafi Ƙofa, na bar ka kana sharar barci. Na duba hoton makarantarmu da ka gyara a kwamfuta. Wallahi sama ta yi kyau, kamar ta kalanda. Sai dai duhun da ka jawo daga sama zuwa ƙasa ya haɗiye rufin ajin da iska ta yaye, alhali don shi aka ɗauki hoton. Don Allah sa burushi ka goge duhun daga kan rufin kawai, ka bar gajimarenka. Turo min kafin azahar, kwamitin makaranta zai zauna. Shekara uku suna cewa ba su gani ba, kada kai ma ka taya su.

Ƙanwarka Mubaraka