Muryar Mijina Tana Kulle Cikin Kwamfutarku

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da marigayi mijina, Malam Sabi'u, ya yi wa aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne don wasiƙu biyu na aika ofishinku, ba amsa.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada. Shekara shida mijina yana zaga rugagen Burumburum da Doguwa, yana rubuta sunayen makiyaya da shanunsu saboda rigakafi. Da daminar da ta wuce ya rasu a hatsarin mota kusa da Kwanar Dangora. Wayarsa ta farfashe. Kwamfutar da kuka ba shi ce kawai aka kawo mini.

Na farko. Rabin ajina 'ya'yan Fulani ne, shi ya sa Malam yake koya mini Fulatanci. Yakan naɗi muryarsa a kwamfutar, ya faɗi kalma, in maimaita, ya yi mini dariya. Duk yana ajiye su a wuri guda da ya sa wa suna "Gida". Allah bai ba mu haihuwa ba. Tun da na fita takaba 'yan'uwa suka watse, daga ni sai ɗaki. Na fara mance yadda yake kiran sunana, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

Na biyu. Ban san kalmar sirrinsa ba. Na kai wa mai gyara a Bebeji, ya ce kun kulle ma'ajiyar bayanan kwamfutar gaba ɗaya, ko an ciro ta an sa a wata kwamfutar, ba abin da zai karantu. Ya ce masu irin wannan kulli sukan ajiye mabuɗi na biyu. Jami'inku da ya zo ta'aziyya ya tabbatar mini kuna da shi.

Na uku. Shi wannan jami'in ya kira ni makon jiya, ya ce in mayar da kwamfutar a goge ta, a ba sabon ma'aikaci. Bai ma tambaya ko akwai wani abu na Malam a ciki ba.

Ba na faɗa da kullinku. Sunayen mutane da adadin shanunsu ba abin da za a bari ɓarayin shanu su gani ba ne, Malam kansa ya sha faɗa mini. Amanar da ya riƙe ba ni zan ci ta ba.

Roƙona shi ne: ku buɗe ta a ofishinku, da hannun jami'inku, ina zaune a waje. Ku kwafe mini "Gida" kaɗai, sannan ku goge sauran. Idan dokarku ta hana a ba ni, ku bar ni in saurara sau ɗaya kafin ku goge.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa kada ka taɓa roƙon kowa muryar wani naka.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi Malam Sabi'u,
Tudun Wada.