Dabinon Badar da Sabon Linzamin Kwamfuta

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban maktabinmu, wato ofishinmu na cike takardu da ke unguwar Sultana, Madina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin ma'aikaci ga babbansa, ina shelanta wa duniya, daga unguwar Sultana har ta Ranuna, cewa wuyan hannuna na dama ya warke. Masu rubuta tarihi su ɗauki alƙalami.

Sanadin warakar, bayan ikon Allah, shi ne sabon linzamin kwamfutar da ka saya mini, wanda ke tsaye a kan teburi kamar mai miƙo hannu a gaisa. Duk da haka, ranka ya daɗe, ina da ƙorafi.

Na ɗaya. Tsohon linzamin nan shimfiɗaɗɗe azzalumi ne. Kafin la'asar hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Kibiyarsa ta kan allon kwamfuta kuwa ba ta jin magana: na taɓa nufin "namiji" a takardar iƙama, wato izinin zama, ta wani dattijo ɗan Cadi mai gemu har ƙirji, ta sauka kan "mace". Allah Ya sa na gani kafin in tura.

Na biyu. Sabon kuwa, masha Allah! Tafin hannuna na kwanciya a jikinsa ya huta, kibiya ta tsaya cak inda na ce, ko da gurbin bai kai ƙwayar gero ba. Yanzu in na tashi daga aiki, da kaina nake ɗaga butar shayi.

Na uku, kuma a nan musibar take. Maƙerinsa ya ƙera shi don hannun dama kaɗai. Mutanenmu kuwa ba sa zuwa sabunta iƙama hannu rabbana, sai da ledar dabinon Badar. A da, nakan mayar da tsohon linzamin hagu, dama ta ci, aiki bai tsaya ba. Yau dama ce mai ci, dama ce mai aiki, ni kuwa ba zan ci da hagu a wannan birni mai albarka ba. Na gwada riƙe sabon da hagu, kibiya ta bar takardar ta tafi yawon buɗe ido. Ga shi ka taɓa shi shekaranjiya, yatsanka ya manne da danƙon dabino, ka yanke hukunci: ko in bar dabino, ko a miƙa linzamin ga Usman, maƙwabcin teburina, wanda tun daga ranar yake kallonsa yana murmushi.

Roƙona: kada a ba Usman, hannunsa lafiya lau yake. Kada kuma a ce in mayar wa dattawa kyautarsu, ba zan iya haɗa ido da su ba. A ware mini ɗan lokaci bayan azahar, a kira shi hutun dabino, linzami ya huta, dama ta yi aikinta na asali.

Allah Ya ja zamaninka, Ya yawaita masu zuwa maktabinka, Ya tsare yatsunka daga danƙo.

Game da wanda ya riga ya manne maka, na zauna a matsayin alƙali, na saurari kaina, na ci kaina tarar kwalin mandil na goge hannu guda ɗaya, ƙarami. Ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Magatakardan teburin kusa da taga.