Tagar Ɗakin Inna

Laraba, 6 ga Maris

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya tarin ƙaraminku, ya sake shi? Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Inna jiki da sauƙi, irin sauƙin da kika sani: ɓarin dama da ya shanye yana nan yadda kika bar shi bara, magana kuwa kalma biyu ko uku a yini, sauran da ido take yin ta.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. In na kira ki a waya Inna tana ji, bangon gidan nan ba ya riƙe sirri, shi ya sa kullum amsata ɗaya ce, komai lafiya. A takarda na fi sakewa.

Kyamarar da kika aiko ta iso, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Kin rubuta a jikin kwalin wai don in rage zaman kaɗaici. Na yi dariya, na ce Yaya ta ga ba za ta samu zuwa ba ta aiko wakiliya. Kwana uku ina ɗaukar abin da ke gabana, daga kwalaben magani sai ƙafar gado.

Kin tuna Mai Ɗinkin nan ta hawan ƙasa, mai yawan surutu? Ta hawo kawo rigunan Inna da ta buɗa wa hannu, sai ta ga kyamara a wuyana. Nan take ta maƙale mini, wai hotunan da take ɗauka da waya suna mayar da ɗinkinta kamar buhu, in taimaka in ɗaukar mata. Na ce ai ba na fita. Ta ce wa ya ce in fita, su za su hawo. Washegari sai ga ta da riguna biyar da maƙwabciyarmu da ake kira Doguwa, wadda ke aiki a kantin magani da rana, ita ce za ta sa kayan.

Yaya, na sha kunya. A falo na fara, da ƙwan lantarki, shuɗin yadi ya fito kore-kore, Mai Ɗinki ta ce ko a mafarki ba ta taɓa ɗinka wannan launin ba. Muka yi ta zagaya gida, sai muka ga babu inda haske yake sai ɗakin Inna, don tagarta ce kaɗai ke kallon gabas. Na tsayar da Doguwa ta juya wa tagar baya, a ganina labule zai yi kyau a bayanta. Ta fito baƙa ƙirin, ba ido ba hanci. Inna na kwance tana kallonmu, na ga kafaɗarta tana motsi, ashe dariya take mini.

Sai da na kashe ƙwan, na saki farin labule, na juya Doguwa gefe, sannan na ga mutum a hoton. Kunci ɗaya ya fito sumul, ɗayan ya ɓace a duhu. Ban san maganin wannan ba tukuna.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Auta

Lahadi, 7 ga Afrilu

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya ɗawainiyar yara? Na ji daɗi da kika ce tarin ya tafi.

Albishirinki, na samo maganin kuncin nan, kuma ba za ki taɓa cankar wanda ya ba ni shi ba. Na lura in na sa farar riga na matso kusa da Doguwa, duhun kuncin yana raguwa. Sai na ciro tsohuwar kalandar bango, bayanta fari fat, na jingina ta da matashi a gadon Inna, tun da gadon ne ke fuskantar taga. Haske ya bugi kalandar ya dawo kan fuskar. Amma da na koma wajen kyamara sai ta zame, na gyara ta sake zamewa. A karo na huɗu Inna ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado, ta miƙo hannun hagu.

Tun ranar ita ce mai riƙe mini kalanda. Ba riƙewa kawai take ba, karkata ta take a hankali tana kallon fuskar Doguwa, sai ta ga hasken ya zauna a ƙarƙashin ido sannan ta tsaya cak. Kin san wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa ba ta barin aiki rabi. In Doguwa ta ranƙwafa, Inna ta harare ta ta ce, miƙe. Doguwa ta ce ko a makaranta ba a taɓa tsare ta haka ba.

Hasken yana shigowa takwas da rabi, ya tafi goma saura kwata. A cikin wannan ɗan lokacin nake koyon komai. Na gane in rana ta bugi fuska kai tsaye sai ta haƙa ramuka a ƙarƙashin ido, labule ne ke tausasa ta. Na gane yadi mai sheƙi ba ya son a fuskance shi da taga, sai dai a ɗan kauce. Mai Ɗinki kullum faɗanta ɗaya, wai ina manta riga ina bin fuska, ita kuwa ba fuskar Doguwa take sayarwa ba.

Inna yanzu tun bakwai take ƙwanƙwasa gado a wanke ta a ɗaura mata ɗankwali kafin baƙinta su hawo. Likitan da ke motsa mata gaɓoɓi ya ce hannun hagun ya yi ƙarfi, ya tambaye ni wane atisaye muke yi. Na ce sirrin sana'a ne.

Abu ɗaya ke damuna. Filin da ake ajiye motoci a gaban tagar nan an sayar da shi, an kewaye shi da kwano, har sun zuba simintin hawa na farko. Na leƙa na tambayi wani magini hawa nawa za a yi, ya ɗaga mini yatsu shida. Mu kuwa a hawa na biyu muke.

Inna tana gaishe ki. Na ambaci sunanki ta gyaɗa kai sau biyu.

Taki,
Auta

Alhamis, 9 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Yau ba zan yi dogon zagaye ba, roƙo ne da ni.

Wata mai babban kantin tufafi ta ga hotunan Mai Ɗinki, ta tambayi wanda ya ɗauka. Ta aiko da kaya takwas in gwada kafin ƙarshen wata. In sun yi mata, za ta ɗauke ni safiya biyu a mako a wurinsu. Safiya biyu kawai, Yaya. Ranar da aka gaya mini sai da na shiga banɗaki na rufe ƙofa na yi tsalle.

Kin san matsalar. Matar da muka ɗauko bara ta zauna da Inna, kwana biyu Inna ta ƙi buɗe baki ta karɓi abinci daga hannunta, har sai da muka sallame ta. Ni ko ke, babu na uku. Ina so ki zo ko da wata ɗaya ne, mu zauna tare da wata sabuwar mai jinya har Inna ta saba da ita. Ni kaɗai ba zan iya ba, don in ina gidan ba za ta kalli kowa ba, in kuma na fita babu ɗiyarta a kusa.

Na karanta amsarki ta wancan karon da na ce ki zo, jarrabawar yara da tafiyar maigida. Na fahimta, wallahi na fahimta. Amma ki ma ki fahimce ni. Shekarata talatin da ɗaya. Shekara biyu da wata biyu ke nan ban wuce kantin magani na kan kwana ba, in ban da ranar asibiti. Na san adadin tayil ɗin da ke ƙasan ɗakin nan, na san wace mota ce ke wucewa da ƙarar injinta kawai. Ina son Inna, ba sai na rantse miki ba, amma wani lokacin in na ji ƙwanƙwasar ƙarfen gadon sai in ji kamar in toshe kunnuwana.

Ginin ya iso daidai tagarmu. Maginan suna tsaye muna kallon juna, dole labule ya zauna a sake, ga ƙurar siminti a kan komai. Hasken da muke samu na awa ɗaya da kwata yanzu bai fi minti ashirin ba, shi ma ta wani ɗan tsagi yake zuwa. Jiya kafin Doguwa ta gama ɗaura ɗankwali ya wuce. Inna ta riƙe kalanda tana duban taga tana dubana, kamar ni ce na ɓoye ranar.

Kaya takwas ɗin suna rataye a bayan ƙofa, ko ɗaya ban ɗauka ba. Don Allah ki amsa da wuri.

Ƙanwarki,
Auta

Laraba, 29 ga Mayu

Yayata,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, da fatan yara sun gama jarrabawa lafiya. Saƙonki ya iso, na ga kin ce sai dai bayan hutu, in Allah ya yarda. Zan gaya miki abin da ya faru, ki yi mini hukunci yadda kika ga dama.

Bangon ya rufe tagar gaba ɗaya tun makon jiya. Yanzu ƙarfe tara na safe a ɗakin Inna kamar magariba ce. Kwana uku suka rage in miƙa hotuna, sai Mai Ɗinki ta karɓo makullin rufin bene daga mai gidan. Hawa huɗu ne daga nan, babu yadda za a kai Inna.

Ranar Litinin na wanke ta, na ba ta abinci da magani, na ajiye mata waya a jikin hannun hagu, na nuna mata inda za ta danna. Na ce mata minti ashirin zan yi a sama. Ta gyaɗa kai. Da na zo fita ta nuna ɗankwali, na ɗaura mata a gurguje ban ko tsaya tunanin dalili ba.

Yaya, ban san haske yana da yawa haka ba. Gajimare ne siriri ya rufe rana, ko'ina taushi, babu inuwa mai kaifi ko ɗaya. Bangon tankin ruwa fari ne, shi ya yi mana aikin kalanda. Iska tana ɗaga yadi, Doguwa tana takawa tana juyi, ni kuma ina ja da baya, ina ta ja, babu gado babu bango da zai tare ni. A ɗaki taku uku nake da shi. Muka ɗauki kaya na farko, na biyu, har na takwas. Wayata tana cikin jaka a bakin matakala.

Da na duba agogo, awa ɗaya da minti arba'in. Kira uku na tarar, duk daga Inna.

Na sauko da gudu na tura ƙofa. Ɗakin duhu, ban kunna mata ƙwan ba kafin in fita, don mun saba kashe shi lokacin aiki. Ta jawo kalandar daga gefen gado, ban san yadda ta yi ba, tana riƙe da ita wajen da Doguwa ke tsayawa. Hannun yana rawa har kafaɗa. Shimfiɗar ta jiƙe, abin da ta kira ni dominsa ke nan. Ina jin ta zaci za mu sauko mu ƙarasa a wurinta, ba ta so mu tarar ba ta shirya ba.

Na karɓi kalandar da ƙyar, yatsunta sun ƙage a kai. Na wanke ta na canza shimfiɗa, ina jira ta harare ni, da na samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta dubi kyamarar da ke wuyana ta haɗa kalma biyu, wai sun yi? Na nuna mata ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan na ƙarshe, sannan ta juya fuska bango.

Mai kantin ta karɓi hotunan. Tana so in fara Talata da Alhamis daga wata mai kamawa, tana jiran amsa ranar Asabar. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. A saman nan ba makara na yi ba, mantawa na yi. Awa ɗaya da minti arba'in ban tuna ina da uwa ba, kuma rabon da in ji daɗi irin wannan tun kafin ta kwanta. Na yi kuka da na ga hannunta yana rawa, amma yau da safe ina ba ta abinci idona yana kan makullin rufin, don har yanzu ban mayar ba. Ina tsoron kaina, Yaya.

Ba don Inna kaɗai nake kiranki ba yanzu. Ki bar maganar bayan hutu, ki zo kafin in saba da mantawa.

Ki gaida maigida da yara.

Ƙanwarki,
Auta