Ni Na Huda Gwangwanin, Yaya

Zuwa ga yayana, marigayi Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin rahama. Bana soja sun koma bariki, farar hula ke mulki. Bakin kowa ya buɗe, to nawa ma ya buɗe.

Ɗanka Kabiru ya zama Dakta a Turai. Ya ƙera na'ura mai haska jikin mutum, ta hango maganin da aka yi masa allura yana ƙyalli can cikin tsoka, daidai inda cuta take. Da kunnena na ji shi a rediyo, wai a rumfarmu ta ƙwan zabi ya koyi dabarar, wurin mahaifinsa. Wurinka! Kai da sai ka tsoma ƙwai a ruwa kake gane baragurbi?

Ka tuna gwangwanin nan? Ni na huda shi, ni na sa fitila ciki. Ɓawon ƙwan zabi kauri gare shi, haske sai ya watse, ba a ganin komai. Ni na yago bakin baƙin rawanin Baba na tare hasken da ke kashe ido, sai ga inuwar ɗan tsako a cikin ƙwan. Kana gefe kana cewa, "Ɗanlami, wasa ba ya ƙare maka." Amma in baƙi suka zo, kai ke nuna musu, kana gyara babbar riga.

Yanzu wani kamfani ya ja da Kabiru, wai kada a ba shi takardar mallakar dabarar, wai abu ne a fili, kowane mai sana'a zai gano. Lauyansu ya zo har unguwarmu Soron Ɗinki, yana so in dangwala cewa duk mai ƙwai a Kano ya san dabarar gwangwanin nan.

Wallahi, Yaya, daɗi na ji. Na ce yau sunanka zai sha ƙasa. Har na miƙa yatsa.

Sai na tuna damina uku na yi ina ɓata ƙwai kafin in dace. Kowa ya sani? Wa? Na sallami mutumin, ko ruwa ban ba shi ba.

Na aika wa Kabiru tawa shaidar: babu wanda ya sani sai ni. Ni fa, ba kai ba. In ya ci, da sunanka zai ci, na sani. Ya aiko min da hotonsa, goshinka ne sak. Na so in kife shi, na kasa.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sada mu da alheri. Amma in na zo, a gaban Baba za ka faɗi wanda ya huda gwangwanin nan.

Ƙaninka,
Ɗanlami