Maigidana Ya Mayar da Faɗana Kiɗa

Anti, don Allah ki cece ni. Wata huɗu ke nan ban ɗaga murya a gidana ba, kuma shirun ya kusa kwantar da ni da maigidana.

Maigidana makaɗin jita ne. Lokacin da na aure shi, jitarsa tsirkiya biyar gare ta maimakon shida, yana kaɗawa a wani gidan cin abinci inda ƙarar cokula ta fi tafi yawa. Kiɗan jaz yake yi, amma ba ya barinsa haka. Sai ya kwaso na Indiya, ya yafito na mutanen tsibirai, ya zuba wanda kakarsa ke rera masa, ya dama. Da farko ni ji nake kamar kwanuka sun zubo daga kanta. Amma Allah ya ɗaga shi. Yau faifansa bakwai, ya hau jirgi har ya gaji, falona cike da lambobin yabo waɗanda ni ke goge musu ƙura.

Kiɗan da ya fito da shi sunansa "Baiwa". 'Yan jarida suka rubuta wai ni yake nufi, matarsa baiwa ce daga Allah. Shekara goma sha takwas ina hura hanci da wannan magana.

To, ranar da aka shirya taron karrama shi, na tafi da yayata muka zauna a sahun gaba. Ita ba ruwanta da jaz, ba ta taɓa sauraronsa ba. Yana fara "Baiwa" zaure ya yi tsit, wata a bayanmu har tana share hawaye, sai yayata ta fashe da dariya tana riƙe ciki. Da na mintsine ta, ta raɗa mini, "Kasa kunne, ai muryarki ce." Anti, kin san yadda maganarmu ke hawa da sauka. Wallahi jitar nan cewa take, tiryan-tiryan, "Ni ba baiwarka ba ce!" Abin da na faɗa masa ke nan ranar da ya bar safarsa a kan teburin cin abinci.

Na koma gida na bi faifan nan ɗaya bayan ɗaya. Kiɗa mai sanyin nan da likitan haƙorina ke sa wa masu jira, ashe "Wa ya bar famfo a buɗe?" ne. Wanda surukata ta sa ya zama ƙarar wayarta kuwa, "Duk halin gidanku ne."

Tun ranar na kulle bakina, ban kuma gaya masa dalili ba. Komai ya yi, sai "To, ranka ya daɗe." Yanzu da gangan yake jefa jiƙaƙƙen tawul a kan gado, ya tsaya a bakin ƙofa rataye da jita yana jira. Ni kuma in ɗauke ina murmushi. Faifai na takwas ko layi ɗaya bai samu ba. Mai ganga da mai busa na ƙungiyarsa sun zo gaishe ni sau biyu, suna tambaya ko maƙogwaro ke damuna. Shi duk ya rame, ni jinina ya hau.

Abin dariya ne, na sani, amma yana ci mini rai. Shekarun nan duka, sona yake yi ko dariya yake yi mini a gaban duniya?

Wadda Ta Kulle Baki

*

'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko ban iya kaiwa ƙarshe ba don dariya. Ki yafe mini.

Kina da gaskiya. Ya ɗauki maganar cikin ɗaki ya kai kasuwa bai tambaye ki ba, ya bar ki kina tafa wa faɗanki. Wannan laifi ne, kuma dole ya ba ki haƙuri da bakinsa, ba da jita ba.

Amma ban ga izgili a nan ba. Mai izgili ba ya zama wata da watanni yana gyara abu har ya sa baƙi kuka. Mata nawa ke rubuto mini cewa mazansu ba sa jin ko kalma ɗaya? Naki ya haddace har inda kike jan numfashi. Matsalarsa, sautin yake ji, saƙon na wuce shi.

Ladabin fushin nan kuwa ki daina, yana cin ku duka. Ki zaunar da shi ki ce kin gane. Ki kafa sharaɗi biyu: sunanki ya hau faifai tunda ke ke tsara rabin kiɗan, sannan duk abin da kika yi faɗa a kai, sai ya gyara shi kafin ya taɓa tsirkiya.

Saura naki laifin. Faifai bakwai duk faɗa, ba ki tambayi kanki dalili ba? Mutum da abin da aka ba shi yake aiki. Ki samu rana ki gaya masa, da muryarki ta gaske, abin da ya sa har yau ba ki tafi ba. Ina zaton wannan ba zai kai wa kowa ba, ajiye jitar zai yi ya saurara.

Allah ya sauke miki jinin, ya bar ku tare.