Muryar Mma a Bayan Faifai

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Faifanmu ya iso. Wani ɗan unguwar Buokrom da ya dawo daga Jamus ne ya kawo min shago, ɗan'uwana Shakiru da ke can ya naɗo shi cikin tawul kamar jariri. Baƙi ne, faffaɗa, irin na garmahon da. Ashe Turawa sun koma wa wannan abu. A jikin kwalin an rubuta "Turmi", a ƙasa sunayenmu, Shakiru da Huda. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk yawon da muka yi a gidan nan da rikoda, muna ɗaukar ƙarar taɓarya da ludayin koko da keken ɗinki, yau ya zama abin riƙewa a hannu.

Fuskar farko kiɗanmu ne. Ta baya rimiks ne guda biyu, wato an ba wasu makaɗa su sake gina kiɗan yadda suka so: wata Bajamushiya da wani ɗan Japan.

Mma, mahaifiyata, ta jujjuya faifan, ta ce, "Wannan ne kiɗan naku da ba ya zuwa ko'ina? Dum, dum, dum har a tashi duniya?" Na ce sunansa tekno. Ta ce Allah ya sa albarka. Ita ta shayar da Shakiru bayan rasuwar ƙanwarta, don haka komai ya yi daidai ne a wurinta.

Laraba, 9 ga Oktoba

An ce Bawah mai gyaran rediyo a Aboabo yana da garmaho mai aiki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Dole in rubuta wannan.

Fuskar farko lafiya lau. Bawah har yana gyaɗa kai. Ya juya faifan, ya ɗora allura. Ganga ta fara, taɓarya ta shigo, can sai murya. Muryar Mma. "Sulemana. Sulemana." Ana maimaitawa a kan ganga, ba iyaka.

Sunan Baba. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ta kama sunansa a gaban mutane ba. "Malam" take cewa, ko "baban su Huda". Sau ɗaya ne ya fita daga bakinta: bara, tana takaba, ranar da take dakan geron sadaka. Shakiru ya zo ta'aziyya, ya ajiye rikoda kusa da turmi don ƙarar daka kawai. Ita ta manta da abin, ta shiga rera waƙa ƙasa-ƙasa tana kiran mijinta, tana kuka. Da muka saurara daga baya na ce ya goge. Ya ce ba zai iya ba, amma ya rantse da Allah ba zai taɓa sa shi a kiɗa ba. Ni kuma uwar yarda, na ƙyale shi.

Bawah ya ɗage allurar da kansa, bai kalle ni ba. Can na bar masa faifan.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na sami Shakiru a waya. Wai, "Sista, ki kwantar da hankali. Ni ban sa ba, ki ji nawa mana." Wai al'adar aikin ke nan, mai rimiks duk tarkacen sautin ake tura masa, shi ya zaɓa. Ya tura jakar gaba ɗaya. Da Bajamushiyar ta dawo da nata ya ji, ya sani, ya yi shiru, saboda kamfanin ya ce nata ne zai sayar da faifan.

Sannan ya ce, kamar da abokinsa yake magana, "Chale, a nan ba mai jin Hausa."

Na ce a nan kuma akwai. Na kashe.

Ya cika rantsuwarsa da baki, ya miƙa wa wata ta karya masa. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Mma na wanki tana rera begenta kamar kullum. Na kasa zama a tsakar gida.

Asabar, 19 ga Oktoba

An yi suna a Asokore Mampong. Ina zuba wa baƙi shinkafa sai ga Habsa maƙwabciyarmu da waya a hannu, baki har kunne. "Huda, Mma naki ya zama sita, tauraro fa. Ki ga Obroni, Turawa, suna rawa." Bidiyo ne daga wani gidan rawa, hayaƙi, kwalabe a sama, muryar Mma na fita daga sifika. Shakiru ne ya saka a shafinsa. Shi da kansa.

Kafin a raba goro mata sun haddace. Ina jin wata a bayan rumfa tana "Sulemana, Sulemana", ana ƙyaƙyata dariya. Mma na zaune a cikinsu da farin mayafinta.

A trotro, motar hayar da muka shiga, Mma ta juya fuska wajen taga har muka iso gida.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Baffa Boukari, yayan Baba, ya zo. Ko tabarma bai hau ba. Wai mace tana takabar ɗan'uwansa, ashe waƙa take yi wa mashaya. Na buɗe baki, Mma ta yi min kallon da ya sa na rufe.

Da ya tafi ta ce in kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, hannu a kan gwiwa. Ta ce, "Ranar nan, da mahaifinki nake magana." Ta tashi ta ɗora ruwan tuwo.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Shakiru ya kira Mma, ta ɗauka. Ina jin kukansa daga inda nake. Ta ce, "Ba komai, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ta yafe masa a tsaye, ko zama ba ta yi ba. Ni dai ban yafe ba. Na ce ya cire sunana. Wai an riga an buga, faifai ba ya goguwa.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Sai yau na gane abin da ya canza a gidan. Mma ta daina waƙa. Tana daka, tana ɗinki, tana wanki, baki a rufe. Idan na shigo da waya a hannu sai ta dubi wayar kafin ta dube ni.

Talata, 26 ga Nuwamba

Na je wurin Bawah karɓo faifan. Niyyata in kawo shi gida in karya.

Ya ce ko in gwada sabuwar allurar da ya sa. Don allurar kawai na zauna. Bai tambaye ni wace fuska ba, ya sa ta baya, ni ma ban hana shi ba.

Ban yafe wa Shakiru ba, in rubuta wannan da kyau. Amma akwai wani wuri wajen tsakiya da matar ta janye ganga gaba ɗaya, ta bar Mma ita kaɗai, har numfashinta ana ji. Na manta haka muryarta take idan ta sake.

Ban taho da shi ba. Na ce wa Bawah ya ajiye min, jakata ta cika. Ya ce in ina son sake ji, ran Alhamis shagon ba mutane.