Tukunyar Alhamis Ba Ta Cikin Gado

Ni, Inayatullahi Batt na Siyalkot ta ƙasar Pakistan, mai masana'antar ɗinkin ƙwallo, na rubuta wannan wasiyya da hannuna, hankalina garau. Ƙafafu ne suka gaza, kai yana nan. Wanda duk ya ce maganin likita ne ke magana, ku sa masa ido, akwai abin da yake nema.

Na ɗaya. Gida da masana'anta a raba yadda shari'a ta ce. Sulusin da nake da iko a kansa na tsayar wa tukunyar shinkafar da ake saukewa a ƙofar masana'anta kowace Alhamis, kowa ya zo ya ci.

Na biyu. 'Ya'yana, ina jin abin da kuke faɗa a kan tukunyar nan. A aji goma na tsaya, amma da gumin ɗinki na tura ku birnin Lahor kuka karanta ilimin zamantakewa, kuka dawo kuna gwada shi a kaina. Taukir, kai ka ce mutum ɗaya ba ya nuna komai, sai an ƙirga jama'a. Ka ƙirga masu ci, ka ce tukunyar igiya ce da ta ɗaure ma'aikata wuri guda. Ina zargin ranar da lissafi ya nuna maka igiya mai araha, kife tukunyar za ka yi. Nigat, ke kin ce ƙirga ba ya ganin zuciya, sai an zauna an ji abin da mutum yake nufi da aikinsa. Kin zauna da kowa, har mai gadi, ban da ubanki. Mijinki Shahzad kuwa ya ce wai toshiyar baki ce don kada maɗinka su nemi ƙarin albashi. Shi ke fara miƙa faranti. Kada a ba shi mabuɗin rumbu.

Na uku. Tunda ba wanda ya tambaye ni: da yunwa na shigo garin nan, a ƙofar wani mutum na ci, bai tambayi sunana ba.

Na huɗu. Gabar nan taku ta isa. Taukir ya auna shinkafa, Nigat ta tsaya wurin rabo, kowa ya zama shaidar ɗan'uwansa, don ban yarda da ɗayanku shi kaɗai ba.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku a faranti ɗaya. Wanda ya zo ƙofa, ku zuba masa. Kada ku ƙirga shi, kada ku tambaye shi dalili.